Farantin da ke Kallon Kufai

"Wanga na ukku, wa za shi yi ma aiki? Ai can kufai ne."

Basiratu na ɗauraye kwanoni ta ji tsoho Ibrah ya tambayi mutanen kamfani. Sun kafa dogon ƙarfen rezo na salula bisa tudu, da farantai uku: ɗaya na kallon Filinge, ɗaya hanyar Abala, na ukun gabas, inda gari ya watse tun shekarar yunwa.

Babbansu ya taɓe baki. "Baba, taswira ta ce akwai gari."

Mijinta Zaidu, wanda aka ɗauka gardin wurin, ya fi kowa dariya. Ta dube shi kawai. Mutumin da in mujiya ta yi kuka sai ya tashe ta.

Ran Alhamis gab da magariba ta kai masa tuwo. Ta tarar ya sauka salla, ya bar salularsa bisa tabarma. Injin wuta na gurnani, wurin na warin man gazuwal.

Injin ya mutu. Salular ta yi ƙara, ba lamba.

Ta ɗauka. Ta ji daka, turmi da yawa. Warin tsohon hayaƙi ya cika mata hanci.

"Ke ce matar gardi?" Muryar tsohuwa ce, a bushe. "Mazanku marasa kunya. Sun juyo muna da kunne, ko sallama babu."

Basiratu ta waiga gabas, wajen kufai. Muryar ta ci gaba.

"Yanzu muna jin ku daga nan, ya ishe mu. Har na cikinki muna jin motsinshi."

Ko uwarta ba ta san da cikin ba.

"In suka juya farantin nan, da ƙafa za mu taho saurare."

Dakan ya tsaya. Wani abu ya ja numfashi bayan wuyanta.

Ta yar da salular. Ta gangara tudun ba takalmi, ƙaya na cin ƙafarta.

Da safe ta ji Zaidu a zaure yana cika baki, wai farantin gabas ya fi sauran aiki, kamfani na mamaki. Ta san shi sarai. In ya ji, kafin azahar ya kai wa babban nan, a hau a juya.

Ta dafa mararta, ta ci gaba da tankaɗe. Ba wanda zai ji daga bakinta.