Baƙin Yashin Mama Lai'atu

Jirgin ƙasan Kaduna ya yi latti ran nan, kamar yadda ya saba. Afiniki tun safe tana tsaye a tashar Kafanchan da tiren gyaɗa a ka, wuya ya sage, ƙafa ta kumbura. Da jirgin ya iso kowa ya sauko da gudu, sai wani dogon saurayi shi kaɗai ya sauko a hankali, ya rungume wani akwatin ƙarfe kamar jariri.

"'Yar'uwa, gyaɗar nan ta yau ce?"

"Ta bara ce," in ji ta, don gajiya ta hana ta fara'a.

Ya ɗauki guda ya jefa a baki. "In ta bara haka take, ni kam a nan zan zauna in jira ta bana."

Ba ta so yin dariya ba, amma ta yi.

Sunansa Kumai, ɗan Kagoma ne, yana karatu a jami'a a Zariya. Shekarar 1977 ce, lokacin da rediyo ke ta maganar wai ƙasa za ta koyi yin lantarki da ƙarfin atom. To shi abin da yake karanta ke nan. Malaminsa ya ba shi akwatin don ya riƙa auna gubar atom a tsofaffin ramukan kuza in ya zo hutu.

Hutun bai ƙare ba sai da ya zama Malam Atom a bakinta, ita kuma ta zama Fitila. Da ya koma, 'yan takardu suka fara zuwa.

"Fitilata, jiya an ɗauke wuta ina tsakiyar karatu, na zauna a duhu ina tunaninki. Wata rana asibitin garinmu ba zai ƙara karɓar haihuwa da aci-balbal ba. Ki huta da ƙafar nan. Naki, K."

Ta amsa masa: "Malam Atom, ka fara kawo wutar tukuna. Ƙafa tana nan tana ciwo. Ina kewarka kaɗan, ba da yawa ba."

Matsalar ita ce uwarta, Mama Lai'atu. Shekarar da Faransa ta fasa bam ɗinta na atom a hamada, Mama ta rasa ɗanta na goye da tari. Mutane suka ce iska ce ta kawo gubar. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, ita dai ta riƙe. Da ta ji kalmar atom sai ta ajiye ludayi.

"Mai wasa da abin da ya kashe mini ɗa? Ki haifa mini jika ba yatsu? Ba a gidan nan ba."

In Kumai ya zo gaisuwa, ba ta korarsa, don ita 'yar ƙungiyar zumuntar mata ce a coci. Amma ta ware masa wani kwano mai tsatsa a baki. In ya gama ci, da tsinken kara take ɗaga kwanon ta kai bayan rumbu. Yana gani. Sai ya ce, "Na gode, Mama," ya sunkuyar da kai.

Ga kuma Gregory, gadi a jirgin Jos, shi ma yana son Afiniki. Shi ya san ta inda ake shiga. Mama da yashi take soya gyaɗarta a kasko, kuma ba kowane yashi ba, wani baƙi mai nauyi da ake zubarwa in an gama wanke kuza. Yana riƙe zafi, gyaɗa ba ta ƙonewa, shi ya sa tata ta fi ta kowa a tasha. Gregory ke kawo mata shi buhu-buhu, kyauta. Har ta fara kiransa "ɗana".

Haka aka yi ta ja. Afiniki ta gaji da kuka, ta gaji da roƙo, har addu'a ma in ta fara sai barci ya ɗauke ta. Baba Kambai, ubanta, shi ma ya gaji da cin tuwo cikin faɗa. Wata Asabar ya ce, "Yaro, ka ce akwatinka yana jin abin nan. Kunna shi a jikinka mu gani, kowa ya huta."

Kumai ya kunna a tsakar gida. Akwatin ya ce ƙat, ya yi shiru, can kuma ya ce ƙat.

"Kun ji ko," in ji Mama.

"Haka yake yi ko'ina, Mama. Baba, bari in gwada a jikinka."

Ya kai sandar abin kusa da tumbin Baba. Ƙat, shiru, ƙat.

"Ashe ni ma bam ne," in ji Baba. Aka kwashe da dariya, har Afiniki ta fara jin sauƙi.

Kumai ya juya zai je ya ajiye akwatin, ya bi ta gefen murhu, inda buhun yashin yake a buɗe. Sai akwatin ya ɓarke, ƙaƙaƙaƙa, kamar ana soya gugguru. Kumai ya ja baya, kukan ya lafa. Ya matso, ya sake ɓarkewa.

Afiniki ta gane kafin kowa. Ta kafe shi da ido, tana roƙonsa ba magana: kashe abin nan, ka ce lalacewa ya yi, yau ɗaya aka fara dariya tare da kai a gidan nan.

Ya dube ta. Sannan ya durƙusa gaban Mama.

"Mama, ki yi haƙuri. Abin da kike tsoro a jikina, yana cikin yashin nan. Tare da kuza yake fitowa daga ƙasa. Ban ce zai kashe mutum gobe ba. Amma kullum kina tsaye a kansa kina shaƙar ƙurarsa, Afiniki tana rairaya shi da hannu. Bai kamata ba."

Fuskar Mama ta canza. "Wato ni ce mai dafa wa 'ya'yan mutane guba. Ɗauki akwatinka ka fita."

A ƙofar gida Afiniki ta tare shi. "Da ka yi shiru me zai faru?"

"Da na aure ki."

"To?"

"Da kullum ina kallon hannunki ina tuna na san abin da ke cikin yashin."

"Na gaji, Kumai," ta ce. "Na gaji da kai da gaskiyarka." Ta shige ciki.

Washegari bayan coci, sai ga buhun farin yashin rafi a ƙofar gida, da sawun keke. Mama ta tsallake shi. Mako na gaba, wani buhun. Daga Kagoma yake tuƙo su. Ba ya sallama, ba ya neman kwano.

Mama kuwa ta ci gaba da suyarta, amma Afiniki ta lura ta fara ɗaure hanci da ɗankwali. Da Gregory ya kawo sabon buhu, Mama ta gaya masa abin da ya faru. Ya yi dariya.

"Mama, tun muna yara muke cin gyaɗar yashin nan, wa ya mutu? Ai su 'yan boko ko ruwa suka auna sai sun samo masa laifi."

"Amma akwatin ya yi kuka a gabana."

"To a daina kunna shi mana."

Mama ba ta yi dariya ba. Ran nan wata mata ta tsaya da yaro a baya, ta saya masa gyaɗa, yaron yana tari. Mama ta bi su da ido har suka ɓace. Da yamma ta ce, "Afiniki, jawo mini farin buhun can."

Kaskon farko ya ƙone ƙurmus. Na biyu rabi ɗanye. Masu saye suka yi ta mita, wasu suka koma wurin maƙwabta. Mama ta rame don haushi. Sai da ta koyi rage itace da saurin juyi kafin gyaɗar ta dawo hanya, kuma ko yanzu ba ta kai ta da ba, ita da kanta take faɗa.

Ran da Kumai ya kawo buhu na gaba, ya tarar da ita zaune a ƙofa.

"Zauna. Zan tambaye ka, kada ka yi mini ƙarya. Bam ɗin nan ne ya kashe ɗana?"

"Ban sani ba, Mama. Ba wanda ya auna a lokacin."

"Aikin naka fa, akwai haɗari?"

"Akwai. In an yi sakaci zai iya ɓata gari, ƙasar ma ta daɗe ba ta nomu ba. In an kula, zai ba da wuta, ana ma ƙona ciwon daji da shi a asibiti. Ni ɓangaren awo na zaɓa, don in riƙa faɗa in ya yi yawa."

"Ko za a kore ka."

"Ai na saba, Mama."

Ta yi tsaki, ta miƙe da kyar tana dafa gwiwa. Ta zubo tuwo a babban kwanon Baba, ta kira shi, ta ajiye tsakaninsa da Kumai. "Kambai, matsa wa ɗanka. Kai kuma in ka gama, ka kwashe mini baƙin yashin can ka mayar ramin da ya fito."

Afiniki tana bayan ƙyaure, ta zame ta zauna a ƙasa. Ko kukan murna ba ta da ƙarfin yi.

Bayan girbin citta aka ɗaura auren a coci. Matan zumunta suka yi waƙa har muryoyi suka dushe, ana cikin yanka kek kuma aka ɗauke wuta. Amarya ta raɗa wa ango, "Malam Atom, ina alkawari?" Ya ce, "Ai ga Fitila a gefena."

Kuma ga babban labari: watan jiya Afiniki ta sauka lafiya, mace, an sa mata Lucia! Mama Lai'atu ta karɓe ta tun ba a gama wanka ba, ta buɗe 'yan hannuwan ta ƙirga, ta koma ƙafa ta ƙirga, ta sake daga farko. Sannan ta miƙa wa Kumai.

"Sun cika. Allah ya raya mana ita, ya yi muku albarka, ya ba ku haƙurin juna. Riƙe ta da kyau, ba akwati ba ce."

Kwanon nan mai tsatsa kuwa yana nan bayan rumbu. Kaji ke shan ruwa a ciki.