Farin Furen da Ya Fito a Gidan Maƙwabta

“Ja?! Mama, ja ne fa!”

Auta ta durƙusa gaban tukunyar furenta tana murza ido. Tun farkon damina take lallaɓa abin nan kamar jariri, tun yana ɗan dunƙule mai kama da albasa. Ranar da saurayinta, mai sayar da furanni a bakin titi, ya damƙa mata shi, cewa ya yi, “Fari ne tas. Shi kaɗai ya rage daga lambun marigayiya mahaifiyata, matata kawai zan ba.”

To ga ja!

“Ai na faɗa miki,” in ji Mama tana shanya. “Mai dasa ciyawa har wani miji ne? Leƙa katanga ki gani.”

Ta leƙa.

Farin fure ne ƙal a tsakar gidan maƙwabta, ’yar gidan tana ba shi ruwa tana yauƙi.

“Mai furannin ne ya ba ni da hannunsa,” ta ce da ta hango Auta. “Ya ce na musamman ne... Au, ke bai faɗa miki ba?”

Kan Auta ya ɗaure tam. Yaudararta ya yi? Ko fure yana sauya launi ne? Ko ita ce ta cika masa taki? Ko takalmi ba ta daidaita ba ta isa rumfarsa, rungume da tukunya.

“Wa za ka aura, ni ko ita?”

Ya dubi furen, ya dube ta, ya dafe kai.

“Wayyo ni! Rana ɗaya kuka zo, ita ja ta saya. Kafin su tsiro duk kamarsu ɗaya, sanyin idona... Ke nake kallo lokacin da nake ƙullawa, ban san wanda na miƙa wa kowa ba.”

“Ƙarya ne!”

“Wallahi. Bari in je in tono shi yanzu.”

“Ba zai mutu ba?”

Idonsa ya ciko. “In aka tone shi yana fure... da wuya ya rayu.”

Amma ya ɗauki fartanya, ya kama hanya da gaske. Sai a lokacin zuciyar Auta ta kwanta. Ta sha gabansa, tana dariya tana share hawaye.

“Ajiye! Furen mahaifiyarka ne, a bar shi ya rayu ko a gidan wa yake. Mama kuma ka bar ni da ita. Kai dai ranar da manyanka za su zo, ka nuna musu ƙofarmu da kyau, kada su shiga ta maƙwabta.”