Karen da Ya Tsallake Ni

Ni ba na son kare, ban kuma taɓa ɓoyewa ba. Amma jikata likitar dabbobi ce, tana bincike a kan ƙarin da ke fito wa karnuka, kuma in ba a kai mata abinci ba sai ta wuni da yunwa. Ran nan, gab da magariba, na ɗauki kula na tafi.

Ɗakin aikinta sanyi ƙalau, ga warin magani mai hawa kai. Na same ta tana jera yankan nama sirara a kan gilashi.

"Wannan na mai ciwo ne, wannan na lafiyayye," ta ce. "Kaka, irin da ke haifar da ciwon nan yana jikin kowa, har mai lafiya. Barci yake yi. Ni abin da ke tashinsa nake nema."

"Kin rasa sana'a sai tsokanar mai barci? Ci abinci."

Ta yi dariya. "Tsohuwa sarkin faɗa."

Na ga wani busasshen kwano a bakin ƙofa, na tambaya. Ta ce na wani tsohon kare ne da suka riƙe. Duk dabbar da irin ya farka a jikinta, sai ya shinshine ta ya zauna a gabanta, tun kafin na'ura ta nuna. Bai taɓa kuskure ba. Wata uku ke nan ƙari ya kashe shi, namansa na cikin firjin can.

Sai firjin ya yi shiru.

Na ji farce a kan daɓe. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Warin jiƙaƙƙen gashi ya danne na magani. Kwanon ya gusa.

"Kaka," ta ce da raɗa, "kada ki motsa."

Idona biyu, ban ga komai ba. Amma hanci mai sanyi ya taɓa ƙaurina. Ya hau gwiwa. Ya tsaya a cikina yana huci.

Na gane aikin da ya zo yi. A raina na ce, zauna nan. Shekara saba'in da biyar, na ci rabona. Zauna, don Allah.

Ya wuce.

Ƙwas. Ƙwas.

Gefen farar rigar jikata ya ɗaga.

Sai nauyi ya sauka a daɓe, daidai gabanta.

Na fizgi hannunta muka fita, kular tana mirginawa a bayanmu. A waje na ce, "Ba ki ji komai ba." Ta ce to. Hannunta na dafe da hammatarta.

Sati biyu tsakani likitoci suka ga ƙarin a hammatarta, kamar ƙwayar gyaɗa. Yanzu gashinta ya zube. Ni da na raini 'ya'ya takwas ba wanda ya ga hawayena, ruwa kawai nake iya miƙa mata.

Na sa an kawo mini kwanon. Kullum da magariba nakan cika shi da ruwa, in ajiye a gaban ƙafata, in kira karen.

Da safe kwanon ya bushe. A ƙofar ɗakinta nake samunsa.