Sabulun da Ba Shi da Suna

Ranar da ya fara shigowa shagon, tana zaune a bayan sikeli tana kallon ƙuda yana yawo a kan murfin bokitin sukari. Ko korarsa ba ta yi ba.

"Sannu da aiki. An ce a nan ake samun sabulun da ke cire tawada."

Ta ɗago. Dogo ne siriri, hannayensa biyu sun yi shuɗi har wuyan hannu. Ta nuna masa kwalin da haɓa. Ya ɗauki guda, ya juya shi gaba da baya, ya shinshina.

"Ya sunansa?"

"Sabulu."

"A'a, sunansa na yanka nake tambaya."

"Ba shi da shi."

Ya yi dariya shi kaɗai. Ita kuwa ta sa masa a leda ta koma kallon bokitinta.

Shagon na jama'a ne. Gidaje arba'in na unguwar ne suka haɗa hannu suka buɗe shi shekara tara da suka wuce. Mahaifiyarta ce ta kawo shawarar, ita ce kuma ta koya wa matan unguwa haɗa sabulun. Wata takwas ke nan da rasuwarta, kuma tun ranar yarinyar da kowa ke kira Mai Sikeli ba ta yi kuka ba, ba ta yi dariya ba. Ta buɗe shago, ta yi awo, ta rufe. Abinci ma duk ɗanɗanonsa ɗaya ne a bakinta.

A cikin watannin nan ne manyan kantuna biyu suka buɗe a bakin babban titi suna kallon juna. Mutane ba su wahalar da bakinsu da sunayensu ba, suka ce Jan Kanti da Koren Kanti. Idan Ja ya rage kuɗin man girki da safe, kafin azahar Kore ya rataya kyalle cewa a sayi biyu a ɗauki ɗaya kyauta. Su suke faɗansu, shagon jama'a ke shan dukan. Har matan da ke da hannun jari a cikinsa sukan wuce ta ƙofar da jar leda, suna ɓoye ta a bayansu. Mai Sikeli tana ganinsu sarai. Ba ta jin haushi, ba ta jin komai.

Bayan kwana uku mai shuɗin hannun ya dawo. A maɗaba'a yake aiki, shi ke zana wa kamfanoni tambari, shi ya sa abokansa ke ce masa Mai Tambari. Ya shimfiɗa wata takarda a kan sikelin, ruwan ɗorawa, da zanen hannaye biyu a tsakiya. A ƙasa an rubuta "Hannun Uwa".

"Gwaggonki ce ta ba ni labarin mai sabulun," in ji shi a hankali. "Allah ya jiƙanta."

Ta daɗe tana kallon takardar.

"Ya yi."

"Ya yi kawai? Ke maganarki ma a sikeli kike auna ta. Kullum rabin kilo."

Daga nan sunan ya bi ta. Da ya samu lambarta a wurin Gwaggo, saƙo ya fara shigowa.

"Rabin Kilo, yau sau huɗu na wanke hannu don sabulun ya ƙare da wuri in samu dalilin zuwa. Kin ci abinci?"

"Na ci."

"Me kika ci?"

"Abinci."

"Alhamdulillahi, yau na samu kalma uku. Ranki ya daɗe, Allah ya ƙara arziki."

Ba ta yi murmushi ba. Amma ta lura wayar da ta saba mantawa a gida yanzu a gefen sikeli take kwana da wuni.

Kwamitin shago ya amince aka naɗe sabulun a sabuwar takardar. Cikin wata guda kwalin da kan yi sati biyu ya koma ƙarewa a kwana uku. Gwaggo ta tafa hannu ta ce, "Shekara tara muna sayar da shi tsirara, ashe riga kawai bawan Allah yake nema!"

Mai Tambari kan zo da yamma ya tsaya daga waje, ya ba ta labarin injinsu mai tari kamar tsoho. Rannan sai ya ce, "Ina sonki. Ba sai kin ce komai ba, na san awonki."

"Ni ban san me nake ji ba," ta ce. "Kamar hannun da aka kwanta a kansa nake."

"To zan jira jini ya dawo."

Wata Laraba da hantsi Abba ya shigo shagon. Shi ne mahaifinta, shi ne kuma shugaban kwamiti. Ya ajiye wani sabulu a gabanta. Takarda ruwan ɗorawa, hannaye biyu, an rubuta "Hannun Mama". Daga Jan Kanti ya sayo shi, kuma ya fi nasu arha nesa ba kusa ba.

"Duba ƙasan takardar," in ji shi. "A maɗaba'ar da yake aiki aka buga. Ya shigo mana da fara'a, ya fita da sunan uwarki. Kada in ƙara ganinsa a ƙofar shagon nan, balle ƙofar gidana."

"To, Abba."

Saƙo ya shigo kafin la'asar.

"Rabin Kilona, wallahi ba ni na ba su ba. Ki ba ni minti biyar in yi miki bayani."

Ta karanta, ta kife wayar. Ta jira ta ji zafi a ƙirjinta, zafin bai zo ba. Washegari ta bar wayar a gida.

Ba a yi sati biyu ba jami'in saye na Koren Kanti ya fara sintiri. Ɗan aminin Abba ne, ga mota, ga turare mai riga shi shiga ɗaki. Buƙata biyu ya zo da su. Kantinsu zai saye duk sabulun da matan unguwa suka haɗa, amma a koriyar takarda, da sunan kanti. Sannan yana neman auren Mai Sikeli. Abba ya ga kamar mafita ce ta zo har gida.

"Ke me kika ce?" ya tambaye ta.

"Duk yadda kuka gani."

Ranar Asabar aka kira taron masu hannun jari. Aka jera benci a tsakanin buhunan wake da shinkafa. Jami'in ya gama bayaninsa ke nan sai ga Gwaggo ta shigo, Mai Tambari na biye da ita.

"Yaya, ka yi haƙuri, ni na kawo shi," ta ce wa Abba. "A bakin tasha na tsince shi yana yanka wa mutane hatimi a kan ɗan teburi. Ku ji ta bakinsa, in ya so ku kore mu tare."

Ya gaishe da kowa, kansa a ƙasa.

"Baba, laifina ne. A kwamfutar wurin aiki na yi zanen, na bar shi a ciki. Maigidana ya gani ya sayar wa Jan Kanti. Da na yi magana ya ce duk abin da ke cikin kwamfutarsa nasa ne. Ranar na ajiye masa makullinsa. Sakacina ne ya jawo muku, ba zan ɓoye ba. Amma ban sayar da ku ba."

Mai Sikeli ba fuskarsa take kallo ba. Hannayensa take kallo. Fes suke, babu ko ɗigon tawada. Ba ta taɓa ganinsu haka ba, sai ta gane da gaske ya bar maɗaba'ar.

Jami'in ya gyara zama. "Baba, mutane tambari suke saye, kuma namu an riga an san shi."

Abba ya dube shi. "Idan baɗi kuka samu wanda zai haɗa muku da arha fa? Matan nan ina za su nufa?"

"To, ai kasuwa ce, Baba."

Nan take Mai Sikeli ta miƙe.

"Umma ba ta koya wa matan nan sabulu don su koma ma'aikatan wani ba," ta ce. "Ranar da ta fara haɗa shi duk hannunta ya ƙone, ni na riƙa sa mata magani. Idan za a rufe shagon nan, a rufe shi da sunanta a jiki. Kuma Abba, ka tambaye ni na ce duk yadda kuka gani. Ba gaskiya na faɗa ba, ba na son auren nan."

Muryarta ta karye. Ta shige ɗakin ajiya, ta zauna a kan buhu, kukan da ya ƙi zuwa tun rasuwar ya zo gaba ɗaya. Gwaggo ta tare ƙofa ta ce kowa ya ƙyale ta.

Aka ɗaga hannu, masu cewa a riƙe sabulun suka rinjaya da ƙyar. Jami'in ya tafi bai sake dawowa ba.

Shagon bai kayar da kowa ba. Dole suka daina sayar da man girki da madarar gwangwani, rabin kantocin jera kaya suka zauna wayam. Sabulun Jan Kanti yana nan ana sayensa. Sai dai kanikawa da masu fenti da matan da ke wanki sun gwada duka biyun, kuma sun san ƙofar da suke dawowa.

Da yammacin ranar taron ita ce ta fara tura saƙo.

"Malam Tambari, ka yi haƙuri ban saurare ka ba. Hannun ya fara motsi, kuma da zafi."

"Sannu, masoyiyata. Zafin zai wuce. Ina nan."

Wata uku Abba ya yi yana lura da shi, yana tambayar mutane halinsa, kafin ya aika masa ya turo manyansa. Aka ɗaura aure wata safiya ba tare da wani buki mai yawa ba. Matan sabulu ne suka cika gidan da hayaniya.

Da za a tafi da ita, Abba ya zaunar da su biyun a gabansa.

"Na yi maka mummunan zato, ka yafe min," ya ce wa angon. Sannan ya dafa kan 'yarsa. "Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a tagari, ya sa ku zama sanyin idon juna."

"Amin, Abba," in ji ta, ta riƙe hannun mahaifinta da hannu biyu ta ƙi saki.