Ɗakin Da Ya Hau Burtali

Rana ta faɗa bayan gonakin gero na Dinawa. Sabuwa tana tuƙa tuwo a tsakar sabon gidansu sai dutse ya dira kan kwanon rufi. Na biyu ya faɗa cikin tukunyar miya.

Mijinta Lawwali ya zagaya bayan katanga da sanda. Babu kowa, babu ko sawu.

Haka abin ya ci gaba duk magariba. Bayan jifa sai muryoyi ƙasa-ƙasa daga ɗakin 'yarsu Khairiyya, can ƙarshen gida. Lawwali ya zargi maƙwabta, ya yi faɗa da su, ya turara gida. A banza.

Ranar da ya sayi filin gidan, da baki aka nuna masa iyaka, daga tsamiya zuwa kwazazzabo. Sabuwa ta ce a kira safiyo ya auna. Ya ce idonsa ya ishe shi.

Wata yamma Khairiyya ta yanke jiki ta faɗi a bakin randa. Da ta buɗe baki, muryar tsoho ce ta fito.

Aka ɗauko Malam Zaharaddeen, mai ruƙiyya, daga Wurno. Ya zauna wajen kanta yana karatu har jikinta ya hau rawa.

"Mi kake so ga ɗiyar mutane?" in ji Malam.

"Hanya," in ji muryar. "Nan muke bi da bisashenmu tun kakanni. Kun aza ɗaki bisa hanyarmu."

Lawwali ya zabura. "Hilina ne! Saye na yi!"

"Naka bai kawo nan ba."

Malam ya dafa Lawwali, ya dubi yarinyar. "Za a auna. In hanya ce, a buɗe. Kai kuma ka sake ta yanzu, ka rantse ba ka dawowa."

Muryar ta sake fitowa daga bakin yarinyar.

"Na rantse. Amma a auna."

Khairiyya ta yi atishawa, barci ya ɗauke ta.

Safiyo ya zo, ya kafa na'urarsa, ya dasa turakun siminti. Ɗakin Khairiyya gaba ɗaya a kan tsohon burtali yake, hanyar shanu. Wanda ya sayar da filin ya ce shi bai tuna inda ya nuna ba.

Lawwali da kansa ya ɗauki diga. Yana sara yana ƙwafa, tubalin da ya ɗora da hannunsa yana zubewa. Da bangon ƙarshe ya faɗi, wata iska mai sanyi ta ratsa gurbin, ciyawa na kwantawa a gabanta. Ya ja jiki gefe, ya tsaya riƙe da diga har ta wuce.