Koren Gidan Shao

Kwanon tangaran ɗin a gaban ƙafata Baba ya tarwatsa shi.

"Ɗauki gindin ki duba, Ning."

Hatimin gidan Tan ne, maginan tangaran na tsallaken rafi, abokan gabarmu tun kakanni. Amma koren shafen da ke ƙyalli a jikin kwanon... namu ne sak, na gidan Shao! Koren da fatake ke kwana a ƙofarmu dominsa, wanda da shi muke ci.

A garinmu ba a koya wa 'ya mace haɗin shafe, don gobe gidan wani za ta kai shi. Baba bai da ɗa namiji, dole ta sa ya koya mini. Shi ya sa da Tan Bo, ɗan gidan abokan gabar tamu, ya aiko neman aurena, ko shayi ba a ba 'yan aiken ba.

Na rantse ban faɗa wa kowa ba. Baba ya ce bakin da ya saba da zumar saurayi, rantsuwarsa iska ce.

Ko takalmi ban tsaya sawa ba na tsallaka rafin. Na iske Bo yana juya yumɓu, har da murmushinsa, ko kunya babu.

"Sanyin idona..."

"Sanyin idon wa? A ina ka samo korenmu?"

Bai ma yi musu ba. Wai ƙyallen da nake goge hannu da shi in na gama haɗin shafe, wanda ya roƙa don ya riƙa tunawa da ni, shi ya jiƙa ya ɗanɗana ruwan. Harshen magini ba ya ɓata: nan ya gane tokar ƙaiƙayin shinkafa muke sawa, ba ta itace ba. Ni kuwa sakarya, ina can ina zaton a ƙirji yake kwana da shi.

"Don mu na yi, Ning. Yanzu ba sauran asiri, da me mahaifinki zai hana ni ke?"

Abin da ya fi ƙona mini rai, da gaskiyarsa yake faɗa. Kuma wallahi har lokacin ina son sa.

Na tambaye shi me tsohona zai ci idan fatake suka koma ƙofarsu. Tulun da yake ginawa ya karkace a hannunsa.

"Asirin nan shi ne abin da zan shigo muku da shi ranar biki," na ce. "Tunda ya riga ni tarewa, sai ka zauna da amaryarka."

Ina tsallaka rafin yana kiran sunana, ni kuwa hawaye bai bar ni na ga duwatsun da nake takawa ba.