Radi Ta Gyaɗa Kai

Desi yarinya ce mai baki. In ta fara labari da safe, sai shayin mamarta ya huce, labarin bai kai rabi ba. Ƙawarta Radi kuwa ba ta da yawan magana. Ita dai ta saurara, ta yi murmushi.

Gidan bene ɗaya suke zaune a garin Kazanlak, Radi a sama, Desi a ƙasanta. Ajinsu ma ɗaya. Da watan Maris ya kama, kowace ta ɗaura wa 'yar'uwarta wani zare ja da fari a wuyan hannu, kamar yadda ƙawaye suke yi bisa al'adar garin. Ba a kwance shi sai an ga shamuwar farko ta shekara.

A wannan watan ne Malama Peneva ta shirya wa ajinsu jarrabawar Turanci ta baka. Biyu-biyu za a shiga. Wani baƙo daga Ingila ne zai yi tambayoyin, kuma duk a kan hira da abokai.

"Hira?" in ji Desi. "Ai na riga na ci, Malama."

"Da Turanci fa na ce, Desislava," in ji Malama, ta kira ta da cikakken sunanta. Aji ya kwashe da dariya.

Ana cikin haka mura ta kwantar da Desi. Ta yi kwanaki ba ta leƙa makaranta ba. Ranar da ta fara jin sauƙi, mamarta ta aike ta sayo burodi. A bakin titi ta hango Radi cikin bas, za ta gidan gwaggonta. Desi ta ruga da gudu, ta buga gilashin taga.

"Radi! Jarrabawar nan, ni da ke ne, ko?"

Bas ya fara tafiya. Radi ta dube ta ta cikin gilashi, ta yi murmushi har haƙoranta suka fito. Sannan ta gyaɗa kai, sama da ƙasa, sama da ƙasa.

Desi ta tsaya cak. A nan Kazanlak ko jariri ya san wannan: in mutum ya gyaɗa kai sama da ƙasa, a'a yake nufi. In ya kaɗa shi hagu da dama, to ya ce i. Radi ta ce mata a'a ke nan. Kuma da murmushi ta faɗa! Murmushin nan ya fi komai ƙona wa Desi rai.

Ta koma gida ba burodi.

"Ina saƙona?" in ji Mama. "Me ya sami fuskarki kuma?"

"Radi ta ce ba za ta shiga jarrabawa da ni ba."

"Radin da na sani? Da bakinta ta faɗa?"

"Da kanta ta faɗa. Na gani da idona."

"To, in ta dawo ki hau ki ji daga bakinta," in ji Mama. "Bene ɗaya ne, ba zai karya miki ƙafa ba."

Da yamma Desi ta hau. Ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa, sai ta ji muryar Radi daga ciki. Turanci take yi a hankali, tana maimaitawa. Desi ta manna kunne a jikin ƙofa. Turancinta bai kai na Radi ba, amma ta gane.

"Ina son hira da ƙawata," Radi take cewa. "Kullum muna hira bayan makaranta. Ƙawata ba ta da surutu. Tana saurarona sosai."

Desi ta sauke hannunta. Ba ta da surutu? Duk faɗin Kazanlak babu wanda zai ce Desi ba ta da surutu. Ashe wata ƙawar ce. Wace ce a aji ba ta da surutu? Nan take ta tuna da Yoana, yarinyar da take zama a bakin taga, wadda sai Malama ta ce ta ɗaga murya kafin a ji ta.

"Wato ina kwance ina atishawa, su kuma suna ƙulla ƙawance," Desi ta ce a ranta. Ta sauko ba ta ƙwanƙwasa ba. Ta kwance zaren hannunta, alhali ko gashin shamuwa ba ta gani ba, ta cusa shi a aljihun rigar sanyinta.

Daga ranar komai Radi ta yi, sai Desi ta samo masa wata fassara.

Saƙo ya shigo wayarta: "Yaushe za mu fara gwada amsoshinmu?" Desi ta taɓe baki. Yoana aka yi niyyar tura wa, hannu ya kuskure. Ba ta amsa ba.

Maman Radi ta aiko da banitsa mai zafi, wata irin gurasa da ake gasawa da cuku a ciki, cuku yana leƙowa ta gefe. Desi ta ture farantin. Toshiyar baki ce, in ji ta.

"Ke dai kin huta," in ji Mama, ta gutsura ta kai baki. "Ni kam ban ji wata toshiya a ciki ba. Cuku na ji."

Da Desi ta koma makaranta, sai ta ɗauke jakarta ta koma kujerar baya. A tsakar makaranta ta hango Radi ta ara wa Yoana abin goge rubutu. "Ka gani ko!" ta ce a ranta. Radi ta biyo ta a matakala tana kiran sunanta. Desi ta ƙara sauri kamar ba ta ji ba.

Ta wuce kai tsaye wurin Malama Peneva.

"Malama, ki haɗa ni da wani. Ba ni da abokiyar shiga."

Malama ta dube ta ta saman tabarau, ta ambaci Radi da cikakken sunanta. "Radostina ta ce ke ce tata."

Amma zargi in ya zauna a zuciya ba ya rasa amsa. Kunyar Malama ce ta sa Radi ta faɗi haka, in ji zuciyarta. Ita kuwa ba za ta zama kayan da aka ɗora wa mutum dole ba.

"Mun canza shawara, Malama."

"Kun yi magana da ita?"

"Mun yi," in ji Desi. Ƙarya ce, kuma ta ji ɗacinta a bakinta.

Yara biyu ne suka rage ba su da abokan shiga: Yoana, da wani yaro Plamen wanda ba ya iya zama wuri ɗaya. Malama ta haɗa Desi da Plamen. Ta haɗa Radi da Yoana. Da aka faɗa a aji, Radi ta waiwayo ta dubi Desi, idanunta sun cika da hawaye. Desi ta kawar da kai. Ai ga shi nan, ta samu wadda take so. Kukan me kuma?

Gwaji da Plamen wahala ce zalla.

"Tambaye ni," in ji Desi. "Ka ce, me kike tattaunawa da ƙawayenki?"

"Ƙwallo," in ji Plamen.

"Ni za ka tambaya, sarkin shirme!"

"To, ke ma ki ce ƙwallo. Kalma ɗaya, an wuce wurin."

Desi ta dafe kai. Da Radi ce, da yanzu sun yi tambaya sun yi amsa, sun yi dariya, Radi ta gyara mata inda harshenta ya karkace. Ta ji kewar ƙawarta ta taso mata.

Ranar jarrabawa ta zo. Baƙon dogo ne mai furfura, yana zaune kusa da Malama Peneva. Ya gaishe su da fara'a. Ya fara da Desi.

"Kina son hira da abokanki?" ya tambaya da Turanci.

Desi ta ce i da Turanci, tana kaɗa kai hagu da dama kamar yadda ta saba.

Baƙon ya ɗan ɗaga gira. "I, ko a'a?"

Desi ta rikice. Ta sake kaɗa kai, da ƙarfi ma wannan karon. Plamen ya zungure ta da gwiwar hannu, ya raɗa mata da yarensu.

"Kanki! Juya shi! Su a wurinsu sama da ƙasa ne i. Malama ta ce mu riƙa gwadawa tun kina kwance da mura. Duk mun manta, Radi kaɗai ta ɗauki abin da zafi. Ko mai sayar da burodi haka take yi masa, har ya gaji da ita."

Desi ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ta ga bas ɗin nan. Ta ga gilashin, ta ga murmushin. Sama da ƙasa, sama da ƙasa. Ashe i Radi ta ce mata. Da farin ciki ma ta faɗa.

"Desislava," in ji Malama a hankali. "Ana jiranki."

Baƙon ya sake tambaya cikin haƙuri. "Da wa kika fi yin hira?"

Duk amsoshin da ta haddace suka gudu. Yarinyar da ba a taɓa jin ta rasa abin faɗa ba, yau ga ta tana kallon tebur. Da ƙyar ta haɗo 'yan kalmomi.

"Ƙawata Radi," ta ce da Turancinta mai ɗingishi. "Amma yanzu ba ma hira. Laifina ne."

Ba ta iya ƙara komai ba. Plamen ne ya cika sauran lokacin da labarin ƙwallo.

Da suka fito, Malama ta biyo ta bakin ƙofa.

"Makinki ba zai yi kyau ba, kin sani ko?"

"Na sani, Malama. Kuma na yi miki ƙarya. Ban yi magana da Radi ba."

"Na lura," in ji Malama. "Za ki sake jarrabawar a gabana wata mai zuwa. Amma akwai wadda ta fi ni cancantar jin wannan maganar. Ga ta can."

Radi tana zaune ita kaɗai a kan benci a bakin shingen makaranta. Desi ta matso tana jan ƙafa. Abin da ta fara gani shi ne wuyan hannun Radi. Zaren da ta ɗaura mata yana nan, ya ɗan yi datti, amma ba a kwance shi ba.

"Radi, ranar bas ɗin nan… na ɗauka a'a kika ce."

Radi ta zaro ido. Ta kai hannu ta rufe baki. "Wayyo! Na manta ba kya nan ranar da Malama ta faɗa!" Sai kuma fuskarta ta canza. "Amma Desi, ke da bakinki ba ya hutawa, ki rasa tambayar da za ki yi mini? Na tura miki saƙo. Na bi ki a matakala ina kira kamar mai talla."

"Na zo ƙofarku," in ji Desi, kanta a ƙasa. "Na ji kina cewa ƙawarki ba ta da surutu, tana saurarenki. Na ce Yoana ce."

Radi ta dube ta.

"Wannan ai amsarki ce," ta ce. "Na ga kin sha mura, an wuce ki a aji. Shi ne na shirya miki taki amsar, ina gwada ta da bakina don in ji ko za ta yi miki sauƙin faɗa. Ƙawar da ba ta da surutu, wadda take saurarenki, wace ce in ba ni ba?"

Hawaye suka zubo wa Desi. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba. Ta zaro zaren daga aljihu, duk ya cukurkuɗe, ta miƙa.

"Na kwance shi ban ga shamuwa ba. Ki yi haƙuri, Radi. Kin yafe mini?"

Radi ta ɗan ja lokaci, don ita ma ta sha ɓacin rai. Sannan ta gyaɗa kai, sama da ƙasa.

Gaban Desi ya faɗi. Amma wannan karon ba ta juya ta tafi ba.

"Wanne ne wannan?" ta tambaya. "Namu ko nasu? Faɗa mini da baki."

Radi ta fashe da dariya. "Na yafe, sarauniyar surutu. Kawo hannun."

Ta ɗaura mata zaren, ta ƙulle shi tam. Suka kama hanyar gida tare, Desi tana zuba, Radi tana saurare.

Da Desi ta ba mamarta labari, Mama ta ajiye mata farantin miya a gaba.

"To, me kika koya?"

"In ban gane abin da mutum yake nufi ba, in tambaye shi," in ji Desi. "Kada in zauna ina zarginsa a raina."

"Madalla," in ji Mama. "Sai ki hau ki ba maman Radi haƙuri kan banitsarta. Ki ce mata ta yi daɗi. Ni ce shaida, don ni na cinye."